Wutar Gawayi a Bakin Tafki

Karatu: Yohanna 18:15-27 da Yohanna 21:1-19

Yaya ruwa, yaya sanyi? Mun san amsar da za ku ba mu: ruwa ya yi gyara. Haka ne, mun kuwa gode wa Allah.

Amma marka ta kankama. Kwana da kwanaki ke nan rana ba ta fito sosai ba. Da safe yayyafi, da rana lumshi, da dare kuma ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wankin da aka shanya tun shekaranjiya bai bushe ba. Matan da suka wanke agushi suna ta duban sama, gama in bai sami rana ba zai yi baƙi, kuɗinsa kuma ya faɗi a kasuwa. Mai alabo ya kwashe shanyarsa daga bakin titi. Birkila da lebura suna zaune a gida, domin ba mai ba da aikin gini cikin ruwa, mai acaba kuma ya fita ya dawo a jiƙe da kuɗin da bai kai na mai ba. Mu da muka sha zafin Lafiya na watan Maris, muna roƙon Allah ya sauko da ruwa, mu ne yau muke neman tsohuwar rigar sanyi a ƙarƙashin akwati. Haka ɗan adam yake.

Da yawa cikinmu mun ɗauka ƙasar da Yesu ya yi zamansa hamada ce, rana da rairayi da raƙuma kawai, kamar yadda ake zanawa a littattafan Makarantar Lahadi. Ba haka take ba. Suna da damina, sai dai tasu ta saɓa da tamu. Mu ruwanmu yana farawa wajen Afrilu ya ɗauke a Oktoba. Su kuwa a Oktoba yake farawa ya ɗauke wajen Afrilu, ruwa da sanyi a haɗe. Shi ya sa Littafi Mai Tsarki yake maganar ruwan fari da ruwan ƙarshe, kamar a Kubawar Shari'a 11:14 da Yowel 2:23 da Yaƙub 5:7. Ruwan fari shi ne na Oktoba da Nuwamba, mai tausasa ƙasa domin a yi huɗa a yi shuka. Ruwan ƙarshe shi ne na Maris da Afrilu, wanda yake sa sha'ir da alkama su yi ƙwaya. Manominmu zai gane wannan nan da nan, gama ya san abin da yake faruwa da dawa in ruwa ya ɗauke tana cikin fitar da kai.

Tekun Galili kuma, wanda Yohanna yake kira Tekun Tibariya, tafki ne na ruwan daɗi, ana sha ana kamun kifi. Tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa wajen 13, yana cikin kwari fiye da mita 200 ƙasa da fuskar babban teku. Kogin Urdun yana shiga ta arewa ya fita ta kudu. Ruwan Urdun ɗin kuwa daga gindin Dutsen Harmon yake fitowa, dutsen da ƙanƙara take rufe kansa da damina. In ƙanƙarar ta soma narkewa, ruwan ƙarshe kuma yana sauka, sai tafkin ya cika, tuddan da suke kewaye da shi su yi kore shar. A irin wannan lokaci ne Yesu ya ciyar da mutum 5,000. Yohanna sura 6 ta gaya mana Idin Ƙetarewa ya yi kusa, wurin kuma da ciyawa da yawa, Markus ma ya ƙara da cewa ɗanyar ciyawa ce. Wanda ya taɓa kwana a bakin Binuwai wajen Loko ko Tunga, ko a bakin dam na Doma, ya san irin sanyin da yake tasowa daga kan ruwa da asuba. To, ku riƙe wannan sanyi a zuciyarku, za mu bukace shi.

Labarinmu ya fara ne a Urushalima, birnin da yake kan tudu wajen mita 750, inda dare yake da sanyi ko a lokacin Idin Ƙetarewa. A daren da aka kama Yesu, Bitrus ya bi shi daga nesa har farfajiyar gidan babban firist. Yohanna ya ce bayi da dogarai sun hura wutar gawayi saboda sanyi, suna tsaye suna jin ɗumi, Bitrus ma ya tsaya tare da su. Jin sanyi ba zunubi ba ne. Neman ɗumi ma ba zunubi ba ne. Sai dai wutar nan tana da masu ita, masu ita kuwa su ne suka ɗaure Ubangijinsa a daren nan. Wanda yake jin ɗumi a wutar wani, da wuya ya faɗi maganar da za ta ɓata wa mai wutar rai. Sau uku aka tambaye shi ko shi almajirin mutumin nan ne, sau uku ya ce bai san zancen ba. Ba a zare masa takobi ba, ba a kai shi gaban alƙali ba. Ta farko ma da ta tambaye shi baranya ce mai tsaron ƙofa. Mutumin da ya yi alkawarin zai mutu domin Yesu, wanda ya sare kunnen bawa a cikin lambu sa'o'i kaɗan kafin nan, a bakin wuta ya faɗi.

'Yan'uwa, akwai irin wannan wuta a unguwanninmu, a kwanakin marka kuma take fi ci. Magidanci ya tashi ba aiki, gida ba kuɗin cefane, uwargida tana magana, ɗaki yana yoyo. Sai ya ɗauki hula ya ce bari ya je ya ga abokai. Ina abokan suke? Suna rumfar burkutu, ko wurin mai ogogoro, inda ake cewa a ɗan kurɓa domin a kori sanyi. Can akwai ɗumi, akwai dariya, ba mai tambayarka kuɗin makaranta. Ba za mu ce duk wanda ya zauna can ya tafi da niyyar musun Yesu ba. Bitrus ma bai shiga farfajiyar nan da wannan niyya ba, ƙauna ce ta kai shi. Amma in an soma yi wa masu bi ba'a, ko an kawo zancen matar wani, ko ana shirya yadda za a yi wa wata kabila, mai jin ɗumi yakan yi shiru, in ya yi shiru sau biyu, na uku sai ya sa baki. Ogogoro ma ba ya korar sanyi. Yana buɗe jijiyoyin fata ne, mutum ya ji kamar ya yi ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi. Shi ya sa mashayin da ya kwana a waje cikin ruwa yake cikin hatsari fiye da kowa.

Ba maza kaɗai ba. Yarinya tana makaranta a Lafiya, iyayenta suna ƙauye, sabuwar doya ba ta kai kasuwa ba tukuna balle a aiko mata da kuɗi. Wani mai mota ya tsaya ya ce ta shigo kada ruwa ya dake ta. Gwauruwa kuma bangon ɗakinta ya tsage, wani ya ce zai kawo bulo da kwano, amma da sharaɗi. Uwa kuma ɗanta ya kwana uku da zazzaɓi, maƙwabciya ta ce ta san wani mai duba a bayan gari. Dukansu sanyi suke ji na gaske, wutar kuma tana nan kusa. Mu da muke wa'azi, yana da sauƙi mu tsaya a kan bagade mu ce kada ku je. Tambayar da ta fi wuya ita ce, in ba su je can ba, ina za su je?

Sai mu juya zuwa sura 21. Yesu ya tashi daga matattu, almajirai sun koma Galili. Tsakanin tashinsa da hawansa sama kwana 40 ne, wato muna cikin watan Afrilu ko farkon Mayu, tafki a cike, ruwansa bai gama sakin sanyin damina ba. Bitrus ya ce za shi su, mutum shida suka bi shi, suka zama bakwai. Suka kwana suna jefa taru ba su kama ko ɗan tsaki ba. Masunta a cikinmu sun san wannan dare: hannu ya ƙage, riga ta jiƙe, ciki ba komai, kowa ya yi shiru domin ba abin faɗa. Da gari ya soma wayewa, wani yana tsaye a gaɓa ya tambaye su ko suna da abin ci. Suka ce babu. Ya ce su jefa ta hannun dama, suka jefa, taru ya cika har suka kasa jawo shi. Da almajirin nan da Yesu yake ƙauna ya ce Ubangiji ne, Bitrus ya ɗaura rigarsa ya faɗa cikin ruwa. Nisansu da gaɓa kamu 200 ne, wato wajen mita 90. Ku dubi mutumin da ya fito: a jiƙe sharkaf tun daga kai har ƙafa, da asuba, yana rawar ɗari.

Me ya tarar? Wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa.

Malamanmu na makarantar Littafi Mai Tsarki sukan nuna mana cewa kalmar Helenanci da Yohanna ya yi amfani da ita domin wutar gawayi, sau biyu kaɗai ta fito a dukan Sabon Alkawari: a farfajiyar babban firist, da nan bakin tafki. Ba mu tsammanin wannan tsautsayi ne. Kowa ya san yadda ƙamshi yake tuna wa mutum abin da ya wuce. Warin gawayin nan yana shiga hancin Bitrus, daren nan zai dawo masa gaba ɗaya, da muryar baranya, da carar zakara. Yesu ya san haka, shi ne kuwa ya hura wutar da hannunsa, hannun da yake da gurbin ƙusa.

Abin da ya fi kama zuciyarmu a nan shi ne yadda Ubangiji ya jera al'amura. Yana da magana da Bitrus, magana mai nauyi, ba zai kuwa bar ta ba. Amma bai fara da ita ba. Ya ce su kawo daga cikin kifin da suka kama, aka ja taru aka ƙirga manyan kifaye 153, ya kira su su karya kumallo, shi da kansa ya ɗauki gurasa da kifi ya miƙa musu. Yohanna ya faɗa a fili cewa sai bayan da suka gama ci ne Yesu ya juya ga Bitrus. Sa'an nan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, daidai da yawan musun da ya yi. Tambaya ta uku ta yi wa Bitrus zafi, Littafi bai ɓoye ba. Duk da haka kowace amsa ta zo da aiki: ya ciyar da tumakin Ubangiji, ya yi kiwonsu. Mutumin da ya faɗi a gaban baranya, shi aka danƙa wa garke, shi ne kuma ya tsaya a Urushalima ranar Fentikos, makonni kaɗan bayan haka, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya.

Dattawan ikilisiya, iyayenmu, ku yi mana haƙuri mu taɓa wani wuri. Muna da horo a ikilisiyoyinmu, horo kuwa daidai ne, Littafi ya koyar da shi. Yarinya ta yi ciki ba aure, ko dattijo ya koma shan giya, ko an kama ma'aji da kuɗin baiko, sai a sanar a gaban jama'a, a hana shi Jibin Ubangiji, ya koma bencin baya. To, bayan sanarwar fa? Sau da yawa daga ranar nan ba mai taka ƙofar gidansa. Zumuntar mata ta daina zuwa gaishe da uwar yarinyar. Wata shida ya zama shekara, shekara ta zama uku, wata rana a duba bencin baya a ga ba kowa, sai a ce dama mun san ba mai bi na gaskiya ba ne. Ina ya tafi? Ya koma inda ake ba shi wurin zama a bakin wuta. A ganinmu, horon da ba ya tare da ziyara da ƙwaryar abinci, rabin abin da Yesu ya yi ne, rabin da ya fi sauƙi kuwa. Mun iya tambaya uku ɗin nan sarai, muna ma iya yin goma. Karin kumallon ne yake mana wuya.

Kada wani ya ce ai wannan Yesu ne, mu ba za mu iya ba. A Ayyukan Manzanni sura 28 akwai waɗansu mutane da ba su taɓa jin bishara ba, suka yi irin wannan. Jirgin da ya ɗauko Bulus zuwa Roma ya farfashe a tsibirin Malita, bayan kwana 14 iska tana kora su a teku. Mutum 276 suka fito gaɓa, waɗansu da iyo, waɗansu a kan katako, ana ruwa ana sanyi. Mutanen tsibirin suka hura wuta suka karɓe su duka. Luka ya kira su da sunan da Helenawa suke kiran duk wanda ba ya jin harshensu, wato masu wani yare can. Mu Eggon da Migili da Alago da Mada da Gwandara da Tibi, da muke sujada da Hausa muna komawa gida mu yi addu'a da yarenmu, mun san yadda ake ji in an kira mutum haka. Ga shi kuwa masu yaren nan ne Ruhu Mai Tsarki ya sa aka rubuta alherinsu. A cikin jirgin akwai sojojin Roma, da matuƙa, da fursunoni. Ba su tsaya tantance wane ne wane ba. A shekarar 2012, da kuma 2022, sa'ad da Binuwai ya yi ambaliya ya cinye gonaki da gidaje a garuruwan bakin kogi, da lokutan da rikici ya kori mutane daga ƙauyuka zuwa cikin Lafiya, an ga gidajen masu bi da suka buɗe ƙofa, Allah ya sāka musu. An kuma ga inda aka fara tambayar kabila kafin a ba da tabarma.

Mutanen Malita suna da nasu rauni, irin namu ne kuwa. Bulus ya tattaro ƙirare ya sa a wuta, maciji ya fito saboda zafi ya maƙale a hannunsa. Nan take suka yanke hukunci cewa lalle mai kisankai ne, alhaki ne yake binsa. Da bai kumbura ba, bai faɗi ba, suka juya suka ce allah ne. Duka biyu kuskure. Haka muke yi in marka ta kawo hasara. Bango ya faɗi, ko yaro ya mutu da zazzaɓi, sai a soma duban tsohuwar da take zaune ita kaɗai, ko marayan da ake riƙo, a ce maita ce. Bangon ƙasa da ya sha ruwa kwana bakwai ba ya bukatar maye kafin ya faɗi. Sauro kuma a cikin ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya da gwangwani da kwatami yake ƙyanƙyashewa, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ya tashi. A zubar da ruwan, a kwana cikin gidan sauro, yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada jininsa tun ranar farko, ana addu'a ana tafiya. In yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa yana shiga ciki, kada a jira gari ya waye.

Tun da muna maganar gawayi, bari mu ƙara wannan. Kada kowa ya shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki ya rufe ƙofa da taga ya kwanta. Haka ma janareta, ko a zaure ne, ko a baranda kusa da taga. Suna fitar da wata iska mai guba wadda ba a gani, ba ta kuma da wari, tana kashe iyali guda cikin barci. In an ji ɗumi, a fitar da wutar waje kafin a kwanta.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma mai ɗaki ba kullum yake faɗa ba, kunya takan hana shi. Sai an shiga ake gani. Matasa, ku da kuke da ƙarfi, faifan kwano ɗaya da ƙusa da awa biyu na ranar Asabar sun isa gyara rufin wata gwauruwa. In kun ga bangon da ya tsage ya soma rabuwa da kusurwa, ku fitar da masu kwana a ciki tukuna, a yi maganar gyara daga baya. Masu gidaje kusa da kwazazzabo da bakin rafin Amba su lura da yara, gama ƙasa takan zabtare ba sallama. Mata, mudun masara ɗaya da ɗan ƙullin gawayi ba za su talauta gida ba. In kuwa a layinku akwai wanda yake ƙarƙashin horo, ku fara da ƙofarsa. Ba sai kun je da wa'azi a ranar farko ba. Ku gaishe shi, ku tambayi yara, ku zauna.

Kai kuma ɗan'uwa da kake jinmu, wataƙila a ɗakin da ba kowa, ka daɗe ba ka shiga majami'a ba domin abin da ka yi, ko ke 'yar'uwa da kike ganin kowa ya san labarinki: Bitrus bai jira jirgi ya kai gaɓa ba. Da ya ji Ubangiji ne, ruwa ya faɗa, da laifinsa da komai. Yesu zai yi maka tambaya, za ta kuwa yi zafi, ba za mu ruɗe ka ba. Amma ka tashi ka je wurin fastonka ko wani dattijo da ka amince da shi a cikin makon nan, ko ana ruwa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin ruwan da ka ba gonakinmu. Ka tuna da waɗanda ɗakinsu yake yoyo a daren nan, da marasa aiki, da yaran da suke kwance da zazzaɓi, da masunta da suke kan ruwa. Ka ba da rana domin masu shanya. Ka komo da waɗanda suka yi nisa, ka kuma ba dattawanmu hikima su karɓe su. Cikin sunan Yesu Kristi muka roƙa. Amin.

A mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Ezra sura 10, inda jama'a suka zauna a dandalin Haikali ruwa yana dukansu. Ku karanta ta tare da iyali kafin lokacin, wanda ya iya karatu ya fassara wa tsofaffi da yare. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.